Littafin aiki: Camry 1998, giya A140E, konbata ta ƙi kullewa

3 ga Disamba

Motar Toyota Camry ce ta 1998, wadda ake ce wa fensir, inji 5S-FE mai lita 2.2, giya otomatik A140E mai hawa huɗu. 'Yar Amurka ce, don haka mil agogonta ke ƙirgawa, ya haura 212,000. Ƙorafin mai ita uku ne: tana shan mai a doguwar hanya fiye da da, allurar juyin inji tana hawa tana sauka alhali ƙafa ba ta motsa daga kan totur ba, sannan fitilar inji ta kama. An riga an gaya masa a wani gareji cewa giyar ta gama aiki, a nemo wata. Sikana, na'urar karanta laifin mota, ta ba da lamba ɗaya tak, P0770.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin konbata ba: ganga ce cike da man giya tsakanin inji da giya. Fanka ɗaya da inji ke juyawa tana watsa mai, ta biyu tana karɓar man ta juya giya. Tunda mai ne ke ɗaukar ƙarfin, dole a yi asarar juyi, asarar kuma zafi take zama. Shi ya sa aka sa kuloci guda a cikin gangar. Idan mota ta miƙe hanya, ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar motar, sai ta ba solonoid (bawul mai aiki da lantarki) mai suna SL wuta, mai ya sauya hanya a cikin balbodi, gidan bawul-bawul ɗin da ke rarraba man giya, kulocin ya manne da murfin gaba, inji da giya su zama abu ɗaya. Wannan shi ne kullen.

P0770 ba ta ce solonoid ya ƙone ba. Abin da take faɗi shi ne ƙwaƙwalwa ta kwatanta juyin inji da gudun mota, ta ga bai dace da umarnin da ta bayar ba, kuma sai ta ga haka a tafiya biyu kafin ta kunna fitila. Lambar yankewar waya ko haɗewarta daban ce, P0773, ita kuwa babu ta a nan. Saboda haka tambaya biyu za a raba tun daga farko: shin ana ba da umarnin kulle a lokacin da ya kamata, kuma idan an bayar ana bin sa? Wanda ya sauke giya bai amsa ta farko ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

An duba mai da zafinsa, inji na aiki, giya a P, bayan an zagaya da hannun giya kowane matsayi. Yana cikin layin zafi na geji. Launinsa ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan ƙauri. Ɗigo ɗaya a farar takarda ya bazu ya bar baƙin zobe a tsakiya. Tsoho ne ƙwarai, amma ba ruwa a ciki, ba kumfa.

5 ga Disamba

Gwajin hanya. An soka siririyar waya a bayan soket ɗin SL, aka jawo ta cikin mota zuwa ƙaramar fitilar LED, ɗaya ƙafar a jikin mota. LED aka sa da gangan, domin ƙwan fitila na gaske yana jan wuta da yawa, zai iya yi wa ƙwaƙwalwa illa. Mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da sikana yana kallon juyin inji, gudu, zafin ruwa da buɗewar totur.

An tashi ƙarfe 7 na safe, hunturu ya sauka sosai, aka bi hanyar Zariya daga Na'ibawa zuwa Kura. Abu na farko da ya fito ba a giya yake ba. Zafin ruwa ya maƙale tsakanin digiri 52 da 58, kuma wannan ƙwaƙwalwar ba ta yarda a shiga giya ta huɗu ko a kulle konbata sai ruwan inji ya haura wajen digiri 60. Motar ta yi ta kuka a giya ta uku har aka wuce Tamburawa. Sai da aka rage gudu bayan wata tirela zafin ya taɓa 62, ta huɗu ta shiga, LED ta kama.

Abu na biyu: LED na ci, amma allura ba ta sauka ba. A gudun kilomita 80, wato mil 50 a agogon motar, da tayar 195/70R14, lissafi ya nuna juyin inji ya kamata ya zauna wajen 1,800 zuwa 1,850 idan an kulle. Sikana na nuna 2,050 zuwa 2,100. An ɗan ƙara totur, allura ta yi tsalle da 300 nan take, gudu bai canza ba. Da a kulle take, allurar inji da ta gudu tare za su tashi a hankali. Sau biyu kacal a duk tafiyar ta kama na 'yan daƙiƙu ta saki, abin da mai motar ke gani ke nan yana cewa allura na rawa.

Ashe matsala biyu ce a jere: umarnin yana zuwa a makare, in ya zo kuma ba a bin sa.

6 ga Disamba

An buɗe gidan tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, wayam. Fankokin lagireto kuma suna juyawa daga an murɗa makulli. A irin wannan Toyotar ba sai an yanke waya ba, zare soket ɗin makunnin zafi da ke ƙasan lagireto kawai ya isa ya sa fanka ta yi ta juyi, kuma haka aka same shi a zare, an naɗe da tef. Al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, da sunan tsoron zafi. A motar hannu asararta mai ce da saurin cinyewar inji, a otomatik irin wannan kuwa har giya take rikitawa.

An sa sabon tamostat mai buɗewa a 82, ɗan ƙaramin bawul ɗin fitar da iska yana sama, da sabon zoben roba. An mayar da soket, aka cika ruwa aka fitar da iska, aka jira har fanka ta tashi da kanta a wajen 93 ta kuma tsaya. An auna na'urar zafin ruwa ta ƙwaƙwalwa don kada a ce ita ke ƙarya: om 2,400 da sanyin safe, om 310 da inji ya yi zafi. Duk cikin ƙa'ida suke, kusan 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, da 200 zuwa 400 a digiri 80.

Yanzu ta huɗu na shiga cikin mintuna biyar zuwa shida da tashi. Kulle dai har yanzu babu.

8 ga Disamba

Sa'ar A140E ita ce solonoid SL a waje yake, a jikin giyar kusa da makunnin nutura (wanda ke hana mota tashi sai giya na P ko N), ba sai an sauke farantin man da ke ƙasan giya ba. A 'yar'uwarta A541E ta injin V6 yana ciki, a jikin balbodi.

Mita ta ba da om 13.1 tsakanin ƙafar soket da jikin solonoid, ƙa'ida 11 zuwa 15. A lura wannan awon na sanyi ne. Wayar tagulla tana ƙara turjiya idan ta yi zafi, om 13 a digiri 20 zai kai kusan 16 a digiri 80, kada a jefar da lafiyayyen solonoid saboda an auna shi mota na huci. Da aka ba shi wuta kai tsaye daga batir ya yi ƙas. A nan da yawa ke tsayawa su ce lafiyarsa ƙalau. Ƙarar kawai tana nuna naɗin wayar na ja, ba ta nuna mai na wucewa ba.

An yi wa makunnin nutura alama da fenti kafin a cire shi, domin in ya goce wajen mayarwa mota za ta ƙi tashi a P ko fitilar ribas ta ɓata. Notuna biyu, solonoid ya fito. Bakinsa cunkushe da baƙin kunu mai laushi kamar toka da aka kwaɓa da mai. Gwajin iska: ana hura masa kilo 5, wato kusan 71 a awon masu faci, psi. Ba wuta bai kamata ya yi yoyo ba, da wuta ya kamata ya buɗe iska ta fita da ƙarfi. Namu ya riƙe iska daidai, amma da aka ba shi wuta sai wani siririn huci da sai an kai kunne ake ji. Hanyar zubar da mai ta toshe. A wannan giyar kuwa sai SL ya zubar da matsin da ke bayan bawul ɗin sigina kafin bawul ɗin ya motsa ya tura na biyu, wanda shi ke juya hanyar mai zuwa konbata. In zubarwar ta yi rauni, bawul ɗin sai ya tsaya rabi da rabi.

An wanke shi da kananzir da feshin wanke kafireto, iska ta fara fita sosai. Amma da aka jiƙa shi minti goma a man giya mai zafin 80 aka sake gwadawa, sau uku cikin goma bai buɗe ba. Wanki bai cece shi ba. An tafi kasuwa da mita, ƙaramin batir da famfon hannu, aka zaɓo wanda ya ci gwaji ukun, aka sa masa sabbin zoben roba da aka shafa wa man giya.

10 ga Disamba

Kunun da ya toshe solonoid daga wani wuri ya zo, don haka aka sauke faranti. An fara kwance toshiyar zubarwa da makullin alan mai milimita 10, lita 2.4 ta fito. Notunan faranti 15. A kan maganaɗisun akwai laushin toka mai ruwan ƙasa-ƙasa, kaurin farce, wannan na shekaru ne, ba abin tashin hankali ba. Abin da ake nema shi ne ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, ko garin jan ƙarfe mai ƙyalli wanda maganaɗisu ba ya kamawa, alamar bushi na cinyewa. Ba ko ɗaya. Sai dai a kusurwar farantin akwai ƙananan baƙaƙen ɓawo, an murtsuke su a yatsa sun narke. Fatar kuloci ce. Ko ta konbata ce ko ta cikin giya, faranti ba ya faɗa.

An canza rariyar mai, notuna uku a Nm 10, awon ƙarfin ɗauri. Sabon fakin, notunan faranti a Nm 4.9 kacal, ana ɗaure su a gicciye. Mai ɗaure su da ƙarfin hannu yana lanƙwasa leɓen farantin ya dawo yana neman inda yoyo ke fitowa. Toshiyar zubarwa Nm 49. Mai: Dexron III, abin da aka rubuta a jikin geji ke nan. Ba T-IV ba, wani man giyar Toyota na daban, ba kuma jan man da ake aunawa a galan marar suna ba, domin santsin mai shi ke hukunta yadda fatar kuloci za ta kama.

A wannan giyar difarenshal, mai raba juyi ga tayoyin gaba biyu, ɗakinsa daban, da toshiyar cikawa da ta zubarwa nasa, yana cin lita 1.6 na irin man nan, kuma geji ba ya nuna shi. An same shi da ƙasa da lita ɗaya, baƙi ƙirin. Ba ruwansa da kulle, amma an canza.

12 ga Disamba

Kafin a yanke wa konbata hukunci sai a san ko famfon giya na ba da matsi. An fara da wayar totur da ke sauka zuwa giya, domin ita ke ɗaga matsi gwargwadon taka totur. Tazarar da ke tsakanin bakin roba da ɗan ƙarfen alama ya kamata ta kasance 0 zuwa milimita 1. An sami wayar ta saki, an gyara da notuna biyun da ke riƙe ta.

Agogon matsi a ramin gwaji, mai a digiri 70, birkin hannu a ɗaure, an tare tayoyi huɗu. A D inji na silo: 56, ƙa'ida 53 zuwa 61 a awon psi. A R: 98, ƙa'ida 90 zuwa 115. Sai gwajin danne birki a taka totur har ƙasa, wanda ba a wuce daƙiƙa 5 ana yi, kuma sai an bar mai ya huce tsakanin gwaji da gwaji. Allurar juyin inji ta tsaya a 2,400 a D, 2,420 a R, ƙa'ida 2,450 da ragi ko ƙarin 150. Da ta haura sosai da an ce kulocin cikin giya na zamewa. Da ta gaza sosai a duka biyun da an zargi ƙarfin inji ko kulocin hanya ɗaya na cikin konbata. Famfo da giya sun fita daga zargi.

A hanya: LED ta kama a wajen kilomita 65, bayan kamar daƙiƙa ɗaya allura ta sauka, kamar an shiga wata giya ta biyar. A 80, juyi 1,830. An share lambar.

15 ga Disamba

Mai motar ya dawo da ita, ya ce da rana lafiya lau, da daddare sai ta koma halinta. Maganar ta yi kama da zato, amma aka gwada bayan magariba, LED ta ƙi kamawa sam. An kashe fitilu a fili marar haɗari, ta kama. An kunna, ta mutu.

Ƙwaƙwalwa na sakin kulle da zarar ta ga an taka birki, kuma daga wayar fitilar birki take ganewa. A ƙafar STP ta ƙwaƙwalwa, inda wayar fitilar birki ke shiga, ya kamata a ga ƙasa da volt 1.5 idan ba a taka ba. Da ƙananan fitilu a kunne mita ta nuna volt 9 da ɗoriya, ƙafa ba ta kusa da birki. An bi ƙwayayen baya ɗaya bayan ɗaya. Na hagu mai zare biyu ne, zaren birki ya tsinke ya faɗo ya manne da zaren ƙaramar fitila, in an ɗaga ƙwan a haske ana ganin su a rungume. Duk sanda aka kunna fitila sai wuta ta tsallaka layin birki ta koma gaba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka direba na kan birki tun daga Kano har inda za shi. Wannan karon bai kawo lamba ba. Ƙwai ɗaya aka canza. An kuma duba ɗan robar da ke danne makunnin birki a saman feda, yana nan bai farfashe ba.

19 ga Disamba

Da kulle ya dawo sai wani abu ya bayyana: kakkarwa tsakanin 65 da 75 idan an ɗan ƙara totur a hawa, kamar an hau gargadar titi. Taɓa birki kaɗan da ƙafar hagu yana kashe ta nan take. Wannan gwajin ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Abin da ya tabbatar kawai shi ne kakkarwar na zuwa ne lokacin da aka kulle. Bai ce kulocin ne ke yin ta ba. Idan inji na tsallake wuta, konbatar da ba ta kulle ba tana shanye girgizar a cikin mai, da ta kulle kuwa sai ta miƙa ta har kujera. Kuma ƙaramin juyi da nauyi a kai, nan ne wutar fulogi ta fi shan wuya.

Hanyar rarrabewa: kakkarwar kuloci tana zuwa a daidai lokacin kamawa, tana da sauri da tsari ɗaya, allura na ɗan lilo sama. Ta inji fizga ce marar tsari, tana ƙaruwa da nauyi ko an daɗe da kullewa. Tamu ta fi kama da ta biyu. An zare wayoyin fulogi, ramin na uku cike da baƙin mai har ya rufe kan fulogin, robar wayar ta kumbura, da farin layi a jikinta inda wuta ke tsallakawa. Wayar ta ba da om 31,000, iyaka 25,000. Wannan injin ba shi da distiributa, kwayil biyu ne kowanne na ba silinda biyu, ɗaya da huɗu, biyu da uku, don haka waya ɗaya in ta lalace tana iya jan abokiyarta. An canza wayoyi huɗu, fulogai masu ƙafa biyu irin nasa da tazarar milimita 1.1, aka sake fakin murfin saman inji aka tsayar da yoyon bututun fulogi. Kashi mafi yawa na kakkarwar ya tafi.

27 ga Disamba

Saura wata 'yar ƙaramar girgiza ta daƙiƙa ɗaya a lokacin kamawa, sai mota ta yi tafiyar awa guda take fitowa. Wannan kam ta kuloci ce.

Giyar na ɗaukar lita 5.6 gaba ɗaya, zubarwa ɗaya na fitar da kusan 2.5, sauran na zaune a konbata da bututun sanyaya mai. Canji ɗaya ya bar kashi 55 cikin 100 na tsohon mai, na biyu kashi 31, na uku kashi 17. An yi na biyu ran 20 ga wata, na uku yau, da tafiyar kusan kilomita 300 tsakaninsu. Ba a yi amfani da injin tura mai da ƙarfi ba, a giyar da ta tara irin wannan kunun ana gudun a tayar da shi ya koma cikin balbodi. An zare tiyo biyu na sanyaya mai aka hura iska ta cikin lagireto, hanya a buɗe take. An sake ciro SL don dubawa, bakinsa tas.

6 ga Janairu

Tafiyar gwaji zuwa Kwanar Dangora da dawowa, rana tsaka, mutum huɗu a ciki, AC a kunne. Zafin ruwa 84 zuwa 90. A 80 juyi 1,830, a 100 juyi 2,280, taka totur kaɗan ba ya sa allura tsalle. Lamba ba ta dawo ba bayan tashi fiye da ashirin. Girgizar kamawa ta ragu, an ji ta sau biyu cikin kamawa goma sha ɗaya, duka a dawowa. A wani dogon hawa, totur kusan kashi 30, LED na ci, juyi ya ɗaga da 60 zuwa 80 na ɗan lokaci ya koma. Fatar kulocin ta ci wuya a watannin da ta yi tana kamawa rabi da rabi, abin da ya rage mata ne ake tafiya da shi.

Ba za a sauke giya yanzu ba. Sharuɗɗan saukewa uku ne, ko wanne ya fara zuwa: P0770 ta dawo alhali LED na ci kuma SL ya ci gwajin iska, ko zamewa ta wuce juyi 150 a miƙaƙƙiyar hanya, ko baƙin ɓawo ya sake taruwa a faranti. Ko a lokacin ma balbodi za a fara saukewa a duba bawul biyun na kulle ko suna zamewa da nauyin kansu a raminsu, da kula da ƙananan ƙwallayen da ke tsakanin faifan kada su watse.

In ta kai ga canza konbata, an rubuta awon da za a buƙata: karkacewar faifan inji kada ta wuce milimita 0.20, ta wuyan konbata kada ta wuce 0.30, sabon sil a bakin famfo, a zuba mai a cikin konbatar kafin a sa ta, a juya ta ana turawa har ta zauna, zurfinta daga bakin gidan giya ya kai aƙalla milimita 13. In bai kai ba, ba ta shiga haƙoran famfo ba, ɗaure giya a haka fasa famfo ne. Notunanta shida a Nm 27.

An bar wayar LED a maƙale ƙarƙashin sitiyari. Za a sauke faranti a sake dubawa idan agogo ya ƙara mil 1,500, ko farkon Maris idan zafi ya fara, duk wanda ya riga.